Abokiyar tafiyata ba ta samu biza ba: in tafi Istanbul ni kaɗai ko in haƙura?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wadda ta taɓa zuwa ta daure ta ba ni amsa. Shekara biyu muna adashi ni da wata ƙawata ta wurin aiki don mu je Istanbul. Ba sari ba, ba asibiti ba, ziyara kawai da ganin gari. Mun sayi tikiti, mun kama otal na kwana 6 a watan Nuwamba. Jiya fasfo ya fito: ni an ba ni biza, ita an hana ta. Tikitin mai rahusa ne, in na fasa abin da za su dawo min da shi bai taka kara ya karya ba. Shekarata 41, maigidana ya rasu shekara biyar ke nan, yara biyu za su zauna wurin Hajiyarmu. Na taɓa zuwa Umara sau ɗaya, amma cikin ayari, ko jakata ban ɗauka da hannuna ba. Ina jin Turanci, Larabci kuwa na sallah ne. Yayana ya ce shi ba zai hana ni ba, amma ba zai ce in tafi ba. To ya kuka gani?

Maman Khalil: Wa'alaikumus salam. Ki haƙura Anti. Kuɗi ana samun wasu. Gari mai mutum sama da miliyan 15, ba dangin iya ba na baba, ba kya jin yarensu? Baƙo ko da ido makaho ne. Kuma kin manta bam ɗin da ya tashi a titin Istiklal a 2022? Yaran nan ke kaɗai suka rage wa.

Fati Gombe: Maman Khalil, a wannan shekarar ta 2022 ne aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kuma har yau ba mu daina hawa ba. Ummu Hanan daga Kaduna za ki taso ko? To wallahi in kin isa filin jirgin Abuja lafiya kin ci rabin tafiyar.

Maman Khalil: Fati ke komai wasa. Can in abu ya same ta wa zai je?

Malama Sa'adatu: Kafin a kai ga bam da ɓarawo, akwai maganar da ta gabaci wannan, kuma na ga ba wadda ta taɓo ta. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa bai halatta ga macen da ta yi imani da Allah da ranar lahira ta yi tafiyar yini da dare ba tare da muharrami ba. Da a ce Hajjin farilla ne, malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi idan akwai amintaccen ayari. Da magani ne za a ce lalura. Wannan kuwa yawon buɗe ido ne, kuma ko da ƙawar taki ta samu bizar ma maganar tana nan, don ƙawa ba muharrama ba ce. Ba don in ɓata miki rai na faɗa ba 'yar uwa, amana ce.

Barista Aisha: Malama Allah ya saka da alheri, amma a kawo ɗaya ɓangaren ma. A Bukharin dai akwai hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda Manzon Allah (SAW) ya ba shi labarin cewa zai ga mace ta taso daga Hira har ta yi ɗawafi a Ka'aba ba ta tsoron kowa sai Allah. Akwai malaman da suka fahimci cewa dalilin hanin shi ne rashin tsaron hanya. Tafiyar wancan zamani wata guda ce a kan raƙumi cikin sahara. Wannan awa shida da 'yan kai ce cikin jirgi da mutum ɗari biyu. Ita Saudiyyar da ta tsare ɗaruruwan matanmu a 2012 ta dawo da su saboda rashin muharrami, yau ta bar mace ta yi Hajji da Umara ba shi.

Malama Sa'adatu: Barista, hadisin Adiyyu labari ne na abin da zai faru, kuma ba duk abin da aka ba da labarin faruwarsa ne ya zama halal ba. Haka malaman da suka hana suka amsa. Sannan matar da ke cikinsa Ka'aba ta nufa. Dokar Saudiyya kuwa dokar gwamnati ce, jiya ta hana, yau ta bari. Na san akwai saɓani, ban ce babu ba. Amma kar a ɗauko mai sauƙin don kawai an riga an biya tikiti.

Barista Aisha: To bazawara mai shekara 41 da babanta ya rasu, ɗanta bai balaga ba, yayanta yana fama da nasa iyalin, sai ta zauna ke nan har ta mutu ba ta ƙetare Zariya ba?

Admin: Malama da Barista, kowacce ta faɗi hujjarta kuma mun ji. Fatawa ba a nan za a yanke ta ba. Ummu Hanan ta san malamin da take yarda da shi. A bar wannan haka don Allah, kar ta zama irin ta watan jiya.

Ummu Hanan: Malama na gode, kuma ban ji haushi ba. Da ma zan je wurin malaminmu ranar Asabar. Amma dai ina son in san yadda garin yake, don in na je masa in je da magana cikakkiya.

Hajiya Rabi Kwari: Sai yanzu na ga wannan, muna kasuwa. Ƙanwata, zuwana Istanbul goma sha ɗaya, huɗu daga ciki ni kaɗai. Tun ana sauka a tsohon filin jirgin Ataturk nake zuwa, kafin a koma sabon a 2019. Zan gaya miki abin da ba a faɗa.

Ba Baturke ne zai cuce ki ba, ko in ce ba shi ne na farko ba. Wanda zai cuce ki shi ne wanda zai tare ki a Laleli, unguwar 'yan sari, ya ce “Hajiya sannu da zuwa, daga Kano ne?” Ranar da kika kwana biyu ba ki ji Hausa ba, kika ji wannan, sai zuciyarki ta narke. Ana cewa da ɗan gari akan ci gari, to ni ɗan garin ne ya ci ni. A zuwana na uku wani yaro ɗan ƙasarmu, mai ladabi kamar me, yana durƙusawa in zai gaishe ni, shi ya riƙa kai ni shaguna yana min tafinta. Ashe kowane shago da nasa kason a kan kuɗin da ake gaya min. Wannan ma da sauƙi. Ranar ƙarshe na ba shi dala 1,800 ya biya kuɗin kago, wato jigilar kaya, na dila huɗu. Kaya suna nan a ajiye ba a biya ba, yaro ya kashe waya. Sai da na kira gida aka turo min. Akwai na kirki a cikinsu, da yawa ma, ɗalibai ne masu neman na abinci. Amma kuɗi da fasfo, hannunki kawai.

Tunda ba sari za ki yi ba ma an rage miki rabin wahala. Wace unguwa otal ɗin yake?

Ummu Hanan: Hajiya Allah ya mayar da alheri. Aksarai aka rubuta. Wani mai harkar tikiti ne ya kama mana, ya ce nan 'yan Najeriya suke sauka.

Hajiya Rabi Kwari: Daidai ne. Nan muke sauka. Ga abincin Afirka kusa, ga masu canji, ga mutanenmu. Ki zauna nan.

Zainab (ɗaliba, Uskudar): Hajiya Rabi ki gafarce ni, a nan ba na tare da ke. Shekarata huɗu a garin nan ina karatu. Aksarai da Laleli wurin 'yan kasuwa ne, da rana ba laifi. Amma in an rufe shaguna wasu lungunan sukan canza kama, musamman in kin gangara wajen Kumkafi. Mace baƙar fata ita kaɗai da dare a nan, akwai mazan da za su ɗauka wani abu take nema, su riƙa bin ta da mota a hankali suna tambayar nawa ne. Ni an yi min, da hijabina har ƙasa. Kuma nan ne 'yan sanda suka fi tare baƙi suna neman takardu. Ku Hajiya kuna sauka ku biyar ku shida, kuna gama sari ku shige ɗaki ku hau lissafi. Ita Anti za ta riƙa dawowa bayan isha'i ita kaɗai.

Anti in otal ɗin ana iya sokewa, ki koma Sultanahmet ko Sirkeji, kusa da layin tiram, jirgin ƙasan da ke bin titi a cikin gari. Ya fi tsada kaɗan, amma kuɗin tasi da za ki huta da shi zai cike.

Hajiya Rabi Kwari: 'Yar nan, tun kina firamare nake kwana a Aksarai, ba abin da ya taɓa samuna.

Zainab (ɗaliba, Uskudar): Na yarda Hajiya. Amma zan yi tambaya cikin ladabi: a zuwa goma sha ɗayan nan, kin taɓa shiga Aya Sofiya, shahararren masallacin nan na tarihi?

Hajiya Rabi Kwari: Ina na ga lokaci? Na dai hango shi daga cikin tiram.

Fati Gombe: Hajiya tasha uku ce fa tsakani! Zuwa goma sha ɗaya! Wallahi yau na yi dariya har yara sun leƙo.

Hajiya Rabi Kwari: Ku yi ta dariya, dogayen rigunan da kuke sawa da sallah daga ina kuke zaton suke zuwa? To shi ke nan, maganar unguwa ki bi ta ɗaliba. Maganar kuɗi ki bi tawa: ki je da dala a hannu, kar ki dogara da katin banki na naira. A filin jirgi ki canza kaɗan, wanda zai kai ki masauki, canjinsu ba kyau. Sauran ki riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a cikin gari, don kuɗinsu, lira, ba ta zama wuri ɗaya. Takardarsu mafi girma 200 ce, in kin canza dala ɗari za a cika miki hannu, kar ki ƙirga a bakin titi. Ki raba kuɗin gida uku. Lalitar nan ta iyayenmu ba ƙauyanci ba ce.

Zainab (ɗaliba, Uskudar): Yauwa. Bari in zauna in rubuto miki sosai Anti, yau ba ni da lacca.

Abin da zai fi ba ki wuya shi ne awa biyun farko. Filin jirgin Istanbul ƙato ne, daga inda kika sauka zuwa inda ake buga fasfo tafiya ce mai kyau, sannan yana da nisa da tsohon gari, kilomita 40 da wani abu. Duk wanda ya tare ki a ciki yana cewa tasi, ki wuce shi kamar ba ki ji ba. Ki bi alamar bas ɗin Havaist, akwai mai zuwa Aksarai, ana sa kaya a ƙasa. Akwai jirgin ƙasa ma, layin M11, amma sai kin yi canji, da akwati ba daɗi. In kuma tsakar dare za ki sauka, ki ce otal su turo mota, su rubuto miki kuɗin tun kina gida.

Da kin huta, ki sayi kati mai suna Istanbulkart a injin da ke tasha ki zuba masa kuɗi. Da shi za ki hau tiram, da bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jirgin ruwa. Layin tiram na T1 shi ne uwa da uba: Aksarai, Laleli, Beyazit inda babbar kasuwa take, Sultanahmet, Gulhane, Sirkeji, Eminonu, ya haye gada zuwa Karakoi. In kin ɓata, ki nemi layin dogonsa ki bi, zai kai ki gida. Yana cika maƙil safe da yamma, to jaka a gaba, ba a baya ba. In kin ga cunkoso ya yi yawa ki bar shi, wani na tafe nan da 'yan mintuna, kuma in kin shiga ki matsa inda mata suke.

Tasi kuwa, in ba dole ba ki bar shi. Wasu sukan ƙi kunna mita, wasu su zagaya da ke. Akwai kuma tsohuwar dabara: ki miƙa 50 ya sauya ta da 5 cikin ƙiftawar ido ya ce kin yi kuskure. In dole ne, ki kira ta manhajar BiTaksi, ko otal su kira miki. Mai goge takalmi in burushinsa ya faɗi a gabanki, kar ki ɗauka, da gangan ne, zai ce zai goge miki don godiya sannan ya tsare ki da kuɗi.

Kalmomi kaɗan za su ishe ki. “Hayir” shi ne a'a. “Teshekkurler” na gode. “Imdat” a taimaka. Lambar gaggawa 112. Amma wadda ta fi duka ita ce “ayip”, wato aibunmu na Hausa, tushensu ɗaya daga Larabci. Duk namijin da ya matsa miki, ki ɗaga murya ki ce “ayip!” Za ki ga tsofaffin mata sun juyo, kuma tsohuwar Baturkiya ba ta da wasa. Kar ki yi irin kawaicinmu na gida, ki yi murmushi ki sunkuyar da kai. A can wani zai fassara shi da amincewa.

A ƙofar banɗaki za ki ga an rubuta “Bay” da “Bayan”. Bay na maza ne, Bayan na mata.

Fati Gombe: Wato bayan gida dai. Wannan ko ni ba zan manta ba.

Hadiza Maradi: Ni na tahi daga Yamai bara, kai mahaifiyata asibiti, amma tana kwance ni ɗaya nike yawo. Abin da ɗaliba ba ta hwaɗi ba shi ne sanyi. Nuwamba ruwa ne da iska daga teku, irin wanda ke shiga ƙashi. Kuma garin duk tudu ne da gangare, titunan na duwatsu, in sun jiƙe suna da santsi. Ki bar takalmin kwalliya gida. Doguwar rigar da ke jan ƙasa za ta sha taɓo. Rana kuma tana faɗuwa da wuri. Za su kalle ki, wannan ki shirya mashi. Wasu har hoto za su roƙa. Galibi ba mugunta ba ce, amma yana gajiyarwa.

Maman Khalil: Duk wannan bayanin da kuke yi shi ke ƙara nuna min hatsarin. Sai an haddace kalmar ihu kafin a je gari?

Barista Aisha: Maman Khalil, a kasuwar Sabon Gari ba ki da kalmar ihu?

Zainab (ɗaliba, Uskudar): Wani abu kuma da zai sa ki ji daɗi Anti. Da yawa daga manyan masallatan garin nan mata ne suka gina su. Yeni Jami da ke bakin ruwa a Eminonu, Safiya Sultan ce ta fara shi a 1597, aiki ya tsaya, sai bayan sama da shekara 60 wata uwar sarkin, Turhan Sultan, ta ƙarasa, har da kasuwar kayan ƙamshi da ke gefensa. In kin sauka daga jirgin ruwa a unguwarmu, masallacin da zai fara tare ki na Mihrimah ne, 'yar Sarki Sulaiman, an gama shi a 1548, aikin shahararren magini Sinan. Ki lura da ranaku: babbar kasuwa ba ta buɗewa Lahadi, Topkapi, fadar sarakunansu na da, kuma Talata.

Ummu Hanan: Na je wurin Malam. Ya faɗi kusan abin da Malama Sa'adatu ta faɗa, ya kuma faɗi abin da Barista ta faɗa, ya ce shi ra'ayin farko ya fi rinjaye a wurinsa amma ba zai ce wanda ya bi na biyun ya fita hanya ba, in waliyyi ya yarda kuma an amince da tsaro. Na yi istihara. Yaya ya ce in tafi, da sharaɗin in kira shi safe da dare kuma in bar masa wayata a buɗe yana ganin inda nake. Na canza otal zuwa Sirkeji. Ku sa ni a addu'a.

Malama Sa'adatu: Ra'ayina bai canza ba, amma Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Ki riƙe azkar na safe da yamma, da addu'ar sauka a masauki.

Maman Khalil: Allah ya tsare. Ni dai ba zan yi barci ba sai kin dawo.

Ummu Hanan: Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi na dawo shekaranjiya. Na yi alkawarin ba da labari, ga shi, mai daɗi da marar daɗi.

Ranar farko ban fita ba sai bayan azahar. Na zauna a bakin gado da hijabi a jikina kusan awa guda, ina jin ƙarar tiram a waje, ƙafata ta ƙi tashi. Na ce Maman Khalil ta yi gaskiya. Yunwa ce ta fitar da ni. Na sayi simit, wani burodi mai kamar awarwaro da riɗi a jikinsa, na tsaya ina ci a bakin titi kamar marainiya. Daga nan na bi layin dogo a ƙafa, ban ankara ba sai ga ni a fili tsakanin Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Ana cikin haka aka kira la'asar. Ladanan biyu suna karɓa-karɓa, wannan ya ja ya tsaya, wancan ya amsa. Na nemi benci na zauna. Ba wanda zan taɓa in ce “kin ji?” Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk tafiyar, ba tsoro ba.

Aya Sofiya na shiga ta ƙofar masu sallah. Masu yawon kallo suna biyan Yuro 25 su hau bene. Ginin tun shekarar 537 yake, coci ne sama da shekara 900, ya zama masallaci a 1453, ya zama gidan tarihi, aka mayar da shi masallaci a 2020. Da yake ba don sallah aka gina shi ba, sahu a ɗan karkace yake da ginin. Dokin ƙofar marmara ne amma ya lotsa saboda takun mutane. Na daɗe ina kallon wannan lotsawar fiye da ƙubbar ma.

A Topkapi ɗakin kayan amana ne ya tsayar da ni, inda aka ajiye abubuwan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, waɗanda aka fara kawowa bayan Sarki Salim ya ci Masar a 1517. Akwai mai karatun Alƙur'ani a zaune, ana karɓa-karɓa ba a tsayawa. Layin yana da tsawo kuma ana tura mutum gaba, ba a barin ki tsaya yadda kike so.

Malama, na je kabarin Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da ya sauki Manzon Allah a gidansa a Madina. Tiram ɗin T5 daga Eminonu ya kai ni. Na yi sallama, na yi masa addu'a, na yi miki ke ma a masallacin. Can na fi sakewa, duk iyalai ne da tsofaffi.

Yanzu marar daɗin. Rana ta huɗu na ce bari in leƙa Laleli in saya wa Hajiyarmu tawul da zannuwan gado. Na shagala, magariba ta yi, ga ruwa. Wayata ta mutu, na bar abin cajin a ɗaki. Na sha wata kwana ba daidai ba, sai na tsinci kaina a wani lungu, shaguna duk an ja ƙofofi. Wani mutum ya biyo ni yana magana ƙasa-ƙasa. Na sauya gefe, ya sauya. Kalmar nan ta Zainab ta ɓace min fes. Abin da ya fito daga bakina shi ne “kai, Allah ya tsine maka, me na yi maka!” da Hausa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Wani dattijo mai sayar da shayi ya leƙo ya daka masa tsawa, mutumin ya juya. Dattijon ya zaunar da ni a kan kujerar roba, ya ba ni shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, hannuna na rawa har yana zuba. Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Na ce “tiram, tiram”. Ya kira wani yaro ya raka ni har tasha da lema. Na miƙa kuɗi ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa. A ɗaki na sa waya a caji, na tarar Yaya ya kira sau tara.

Tasi sau ɗaya na hau, kuma sau ɗayan aka cuce ni. Ya ce mita ta lalace, ni kuma na gaji, na biya abin da mai otal ya ce ya ninka uku.

Cin abinci ke kaɗai ma wani abu ne. A gida mace ba ta saba zama a gidan abinci ita ɗaya ba. Daga baya na gane ƙananan wuraren da ake jera tukwane a bayan gilashi ki nuna da yatsa sun fi min. Gaban masallacin Sulaimaniyya kuwa akwai masu sayar da wake da shinkafa, wake fari cikin jar miya. Ba yaji, ba mai irin namu, amma na cinye.

Ranar ƙarshe na hau jirgin ruwa zuwa Uskudar, minti 20 bai cika ba kin bar Turai kin shiga Asiya. Na yi azahar a masallacin Mihrimah. Wata tsohuwa a gefena ta ga yatsuna sun sandare don sanyi, bayan sallama ta kama hannayena biyu ta riƙa murzawa a cikin nata tana ta magana. Kalma ɗaya na gane, Nijeriya, don ni na faɗa mata. Ta zaro alewa daga jaka ta sa min a tafi. Zainab ta zo ta same ni a bakin ruwa, muka sha shayi. Yarinyar kirki, Allah ya ba ta sa'ar karatu.

Zainab (ɗaliba, Uskudar): Amin Anti. Kilishin da kika kawo ya ƙare a daren, 'yan ɗakinmu sun ce ki dawo.

Maman Khalil: Kun gani ko? Da dattijon nan bai leƙo ba fa? Alhamdu lillahi dai.

Barista Aisha: Ya dai leƙo. Kuma ita ta fara ɗaga murya.

Maman Khalil: Ni abin da na sani, da tana tare da wani da mutumin bai ma fara ba.

Ummu Hanan: Maman Khalil wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Kuma da ina tare da wani da wayata ba ta zama ita kaɗai ce igiyata ba. Wadda za ta je, abin caji a jaka, katin otal a aljihu, kuma a bar Laleli tun rana na sama. In an ce in sake zuwa ni kaɗai, zan je, amma na fi so ƙawata ta samu bizar. Ta sake nema.

Malama Sa'adatu: Barka da dawowa. Na gode da addu'a, Allah ya karɓa. Maganarmu tana nan, sai mun haɗu.

Hajiya Rabi Kwari: Sannu da hanya ƙanwata. Wai nawa kika sayi tawul ɗin? Turo min hoto ta akwati in gani ko sun yanke ki. Kuma wannan Aya Sofiyar, in mutum ya shiga ta ƙofar sallah ba a biyan komai ko? Ina da tafiya bayan azumi.

Fati Gombe: Hajiya za a shiga a zuwa na goma sha biyu!

Ummu Hanan: Ba a biya Hajiya, ki dai je dab da lokacin sallah. Katina na Istanbulkart ma da sauran kuɗi a ciki. In akwai mai zuwa Kano cikin satin nan sai in ba shi ya kawo miki shago.